Tambaya da Amsa: Allon Ƙyalle da Waƙoƙin Hunturu ga Ƙananan Yara

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda, wato yadda ake koya wa yara 'yan shekara uku zuwa biyar darasin lokacin hunturu ta hanyar allon ƙyalle da waƙa. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, allon ƙyalle faffaɗan kwali ne ko katako da aka lulluɓe da ƙyalle mai gashi-gashi, sannan a yanka siffofi daga matsattsen ulu a riƙa manna su a jikinsa ba tare da gam ko ƙusa ba, ana cirewa ana mayarwa yayin da ake ba da labari ko rera waƙa.

TAMBAYA: Ni malama ce a ajin 'yan shekara huɗu. Na haɗa allon da hannuna, amma da zarar na fara labari sai siffofin su riƙa zubowa ƙasa, yara su fashe da dariya, darasin ya watse. Ina matsalar take?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin a nemi magani, ya kamata a san abin da ke riƙe siffar a jikin allon. Matsattsen ulu ba saƙa shi ake yi ba. Zarurrukan ake tarawa a danne su da zafi da danshi, ko a yi ta soka su da allurai na musamman, har su sarƙe da juna, shi ya sa ake samun ƙananan silili a miƙe ko'ina a fuskarsa. Idan fuska mai gashi ta haɗu da wata mai gashi, sililin nan ne ke kama juna. Riƙon ba shi da ƙarfi, kuma haka ake so, domin yaro ɗan shekara uku ya iya cire siffa da yatsu biyu. Amma wannan rauni yana nufin cewa ƙaramin kuskure a wajen haɗa allon ya isa ya sa komai ya zube.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayar da allon a miƙe sak a jikin bango. Ki jingina shi ta yadda samansa zai ɗan kwanta baya, ko da kaɗan ne, domin wani ɓangare na nauyin siffar ya koma yana danna ta a jikin allon maimakon ya ja ta ƙasa. Sau da yawa wannan kaɗai yana raba gardama. Bayan haka ki shafa fuskar allon da tafin hannunki. Idan kin ji santsi, ƙyallen bai dace ba, ko kuma gashinsa ya kwanta saboda yawan amfani, sai ki goge shi da busasshen buroshi mai ɗan tauri har gashin ya tashi. Ki kuma tabbatar an ja ƙyallen ya miƙe sosai kafin a liƙe shi ta bayan kwalin, domin ƙyallen da ya saki yakan yi tudu da kwari, siffa kuwa ba ta zama a kan tudu.

Sai batun nauyi. Malamai masu son ƙawa sukan ɗora ulu kan ulu har hawa huɗu, su zuba gam, su ƙara maɓallai da duwatsun ado, ƙarshe siffar ta yi kyau a hannu amma ta gagari allo. Hawa biyu ya isa, kuma idanu da baki gara a zana su da alƙalami mai kauri. Girman siffa kada ya wuce tafin hannun babba in ba dole ba. Idan hoton takarda kike son amfani da shi, ki liƙa masa guntun samfefa ko guntun ulu a baya. Wasu sukan sa maɗaurin Velcro mai ƙananan ƙugiyoyi masu kama ƙyalle, wanda injiniyan ƙasar Suwizalan George de Mestral ya ƙirƙiro bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa masu ƙaya suke maƙalewa a tufafinsa da gashin karensa, kamar dai yadda ƙarangiya ke yi wa mai ratsa daji. Yana riƙewa sosai, amma ƙugiyoyinsa suna tsige gashin allon a duk cirewa, don haka ɗan ƙaramin yanki ya wadatar, kuma ga siffofi masu nauyi kaɗai.

Tunda darasin hunturu ne, ki zaɓi shuɗi mai duhu ko baƙi a matsayin launin allon. Yawancin siffofinki farare ne, kuma fari a kan ƙyalle mai haske ba ya ganuwa ga yaron da ke zaune a baya.

TAMBAYA: Waƙoƙin hunturu da nake samu duk da harsunan waje aka yi su. Idan na fassara su sai su ƙi hawa kari, yara kuma su kasa kamawa. Ko za ku taimaka mini da waƙoƙin da za su tafi tare da allon? (Daga wata mai kula da gidan renon yara.)

AMSA: Hajiya, shawararmu ita ce ki bar fassara, ki tsara naki. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, kuma idan aka tilasta kalmominta cikin karin da aka ɗinka wa wani harshe, sai a ja gajere a gutsure dogo, kunnen yaro kuwa yana jin wannan karkacewa ko da ba zai iya faɗin sunanta ba. Waƙar da ta dace da allo tana da gajerun baitoci, tana da amshi da yara za su kama tun daga ji na biyu, kuma mafi muhimmanci, kowane baiti yana da aiki guda da hannu zai yi a jikin allon. Waƙar da ba ta motsa siffa ko ɗaya ba ta buƙatar allo tun farko.

Ga waƙar ƙirga da muka tsara. Ki yanka busasshen reshe mai launin ƙasa da tsattsewa biyar, ki jera su a kai:

Tsattsewa biyar a kan reshe,
Ganyen bishiya duk ya bushe,
Ɗaya ta ce, sai wata shekara,
Ta tashi sama, ta bar reshe.

Amshi:
Sanyi ya zo, sanyi ya zo,
Mu ƙirga mu ga nawa suka rage.

A daidai layi na huɗu yaro ɗaya zai taso ya cire tsuntsuwa guda. Bayan amshi sai waƙar ta tsaya cak, a ƙirga waɗanda suka rage ana taɓa kowace da yatsa, sannan a koma da "Tsattsewa huɗu a kan reshe", har a kai ga reshen da ba kowa. Wannan tsayawa ita ce zuciyar darasin, kuma ita ce abin da malamai suka fi gaggawar tsallakewa don kada waƙa ta yi sanyi. Yaro yana iya rera ɗaya zuwa goma a haddace ba tare da ya san ƙirga ba. Masana halayyar yara Rochel Gelman da C. R. Gallistel sun fayyace a 1978 cewa ƙirga ta gaskiya tana tsaye ne a kan ƙa'idoji biyar, kuma uku daga cikinsu suna bayyana ƙarara a wannan wasa: kowane abu yana samun lamba guda tak, lambobin suna zuwa a jere iri ɗaya kullum, kuma lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce adadin dukan abubuwan. Ta ukun ce ta fi ba yara wahala. Idan yaro ya ƙirga "ɗaya, biyu, uku", kika tambaye shi nawa ne sai ya sake ƙirgawa daga farko maimakon ya ce uku, to bai kama ta ba tukuna, kuma ba laifi ba ne a shekarunsa. Ki zagaye tsuntsayen da yatsa ki ce, "Ɗaya, biyu, uku. Uku ne gaba ɗaya."

Bayan kwanaki, idan waƙar ta zauna, ki warwatsa tsuntsayen a reshen maimakon ki jera su, ko ki sa a fara ƙirga daga ɗaya ɓangaren. Mamakin da yaro ke yi idan ya ga har yanzu huɗu ne, ko ta ina aka fara, shi ne ɗaya daga cikin sauran ƙa'idojin tana shiga kansa. Kuma ki bar reshen ya tsaya fanko na ɗan lokaci a ƙarshe, ki tambaya nawa suka rage. Amsar "babu" ita ce haɗuwar yaro ta farko da sifili.

Waƙa ta biyu ta tufafin sanyi ce, kuma ta kira da amshi ce. Ki yanka siffar yaro da hula da mayafin wuya da safar hannu biyu da takalma biyu:

Me zan sa a kaina?
Hula, hula mai ɗumi!
Me zan naɗa a wuyana?
Mayafi, mayafi mai ɗumi!
Me zan sa a hannuna?
Safa, safa mai ɗumi!
Me zan sa a ƙafata?
Takalmi, takalmi mai ɗumi!

Yara suna taɓa gaɓar jikinsu yayin da ɗaya daga cikinsu ke manna kayan a wurinsa. A zagaye na uku ki yi kuskure da gangan, ki ɗora takalmi a kai da fuska a murtuke kamar ba ki ga komai ba. Ihun gyara da za su yi shi ne shaidar cewa suna bin ki da hankali, kuma yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba sau da yawa a nan yake fara magana. Idan kin yanka safar hannu masu launi daban-daban, ja da shuɗi da kore da rawaya, kin samu wasa na biyu a kyauta, wato nemo wa kowace safa 'yar'uwarta, daga nan kuma a wuce zuwa jeri mai maimaituwa, ja, shuɗi, ja, shuɗi, a tambayi me zai biyo baya.

Ta uku gajeruwa ce, don koyar da kalmomin wuri:

Dusar ƙanƙara, sauko, sauko,
Ina za ki sauka yau?

Yaron da ke riƙe da farar siffar shi zai ba da amsa, ya ce a kan rufi, ko a ƙarƙashin bishiya, ko a gefen taga, ko tsakanin gida da bishiya, sannan ya manna ta inda ya faɗa, sauran kuma suna sauko da yatsunsu daga sama suna kaɗa su. "Tsakanin" ita ce za ta fi jinkirin shiga, don haka ki bar ta zuwa ƙarshe.

TAMBAYA: 'Yata tana da shekara huɗu kuma ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin mutum-mutumin ƙanƙara da beyar mai barci. Anya wannan ba ɓata lokaci ba ne? (Daga wani uba.)

AMSA: Malam, tambayarka tana da tushe, kuma rabin amsar yana gefenka. Yaro ƙarami yana gina sabon sani ne a kan abin da jikinsa ya riga ya sani, don haka darasin da ya fara da abin da bai taɓa gani ba, ya kuma ƙare a can, haddar hotuna ce kawai. Amma ba mu yarda cewa a rufe ƙofar ba. Yara suna son labarin giwa da jirgin ruwa da wata, ko da ba su taɓa kusantar ko ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne a fara da sanyin da yarinyar ta sani, irin wanda ke sa ta neman bargo da asuba ko ya busar mata da leɓe, a ba ta ƙanƙara daga firji ta riƙe har ta narke a hannunta, sannan a ce mata akwai ƙasashen da sanyi ke kai wa ruwan da ke cikin gajimare ya daskare ya sauko fari. Ruwa yana daskarewa ne a digiri 0 a ma'aunin Salsiyus, kuma kofi ɗaya na ruwa da aka kwana da shi a ɓangaren ƙanƙara na firji ya isa ya nuna mata hakan.

Abin da ya fi damun mu a irin waɗannan darussa shi ne kurakuran da ake mannawa a allo saboda sun yi kyau a ido, yara kuma su tashi da su. Ƙwayar dusar ƙanƙara tana da rassa shida, domin haka ƙwayoyin ruwa suke jeruwa idan sun daskare. Masanin taurari Johannes Kepler ya yi rubutu a kan wannan siffa tun 1611, kuma wani manomi a jihar Bamont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonta ta madubin ƙara girma a 1885, ya ci gaba har ya tara hotuna sama da 5,000. Duk da haka za ka ga an yanka ta da rassa huɗu ko takwas, saboda ninka takarda gida huɗu ya fi sauƙi. Malamar da ta yanka shida ta ba yara abin ƙirgawa kuma ta faɗa musu gaskiya a lokaci guda.

Haka nan ana yawan jera farin beyar da tsuntsun fengwin a kan ƙanƙara ɗaya, alhali ba sa haɗuwa a daji ko kaɗan. Farin beyar yana zaune ne a yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, fengwin kuwa kusan dukansu a kudancin duniya suke. Wannan ma wasa ne mai kyau: a raba allon biyu da zare, sama arewa, ƙasa kudu, kowane yaro ya kai dabbarsa gida. Akwai kuma labarai na gaskiya da suka fi na ƙirƙira daɗi. Akwai yanyawar Aktik da wasu zomaye da gashinsu ke komawa fari da hunturu, kuma ana iya nuna wannan da siffa mai fuska biyu, ɗaya launin ƙasa ɗaya fari, a juya ta idan dusar ƙanƙara ta sauka a allon, yara su ga yadda dabbar ta ɓace a cikin farin. Akwai beyar da ke shiga rami ta yi watanni ba ta ci ba ta sha. Akwai namijin babban fengwin na Antatika da ke ɗora ƙwai a kan ƙafafunsa kimanin wata biyu a tsakiyar sanyi yayin da macen ta tafi teku neman abinci. Tsattsewar da ke cikin waƙar da muka bayar a sama ma gaskiya ce, domin tana barin Turai kafin sanyi ya kankama ta yi ƙaura zuwa Afirka.

Idan yarinyar ta tambaye ka dalilin hunturu, kada ka ce rana ce ta yi nisa, domin duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu. Dalilin shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5, don haka ɓangaren da ya karkata daga rana yana samun gajeren yini da raunin haske. Shi ya sa yini mafi gajarta a arewacin duniya yake faɗowa wajen 21 ko 22 ga Disamba, yayin da ƙasashe irin su Ostireliya da Ajantina suke nasu hunturun daga Yuni zuwa Agusta. Ga 'yar shekara huɗu, "rana ba ta daɗewa a sama" ya wadatar, kuma ba ƙarya a ciki.

TAMBAYA: Ina da ɗan shekara biyu da ke kai komai baki. Zai iya wasa da allon yayarsa? (Daga wata uwa.)

AMSA: Uwar yara, zai iya, amma da kayansa na daban kuma a gaban idonki. Ƙa'idar da ake bi a Amurka wajen kayan wasan yaran da ba su kai shekara uku ba ita ce duk abin da ya shige gaba ɗaya cikin wani bututun gwaji mai faɗin kimanin santimita 3.2 ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya shaƙe yaro. A gida, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida ya ɗan fi wannan faɗi, don haka abin da ya shige cikinsa ki ɗauke shi. Ki yanka masa manyan siffofi guda uku ko huɗu daga ulu ɗaya, ba maɓalli, ba idon roba, ba dogon zare. Ƙananan maganaɗisu da batura masu kama da maɓalli kuwa kada su kusanci kayan wasan yara ko na wace shekara, domin haɗiye su yana iya yin mummunar illa a cikin 'yan sa'o'i.

TAMBAYA: Yarana ashirin ne a aji. Ko dai duk su ruga allon a lokaci guda, ko kuma in hana su taɓawa su fara hamma. Yaya zan yi? (Daga wani malamin nazare.)

AMSA: Malam, a cikin biyun nan rugawar ta fi alheri, domin tana nuna cewa allon ya ja su. Allon da malami kaɗai ke taɓawa bai bambanta da talabijin ba, kuma dalilin fifita shi a kan hoton bango shi ne yaro yana cirewa da mannawa da yatsunsa, yana ƙarfafa riƙon da zai bukata gobe wajen kama fensir.

Maganin rugawa shi ne kowa ya riga ya riƙe nasa. Kafin a fara, ka raba siffa ɗaya ga kowane yaro, ka ce waƙar ce za ta kira shi: mai riƙe da jar safa ya taso idan an ambaci ja, mai riƙe da zomo ya jira baitin zomo. Yaron da ke da abu a hannu, ya kuma san layinsa na zuwa, yana iya jira fiye da yadda ake zato, kuma dole ya saurara don kada a wuce shi. Idan siffofin ba su kai ashirin ba, ka maimaita waƙar da sabon rukuni, domin yara ba sa gajiya da maimaici kamar yadda manya ke gajiya. Waƙa biyu ko uku sun isa mako guda.

Kada zaman ya wuce minti goma ga 'yan shekara uku, ko sha biyar ga 'yan biyar, kuma ka tsaya tun suna son ƙari. Tsakanin waƙa da waƙa ka tashe su tsaye su yi tafiyar fengwin, ko su kaɗa fikafikai irin na tsattsewa, ko su duƙa su yi barcin beyar har ka tafa su farka. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yara 'yan shekara uku zuwa huɗu suna bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kuma kada a tsare su wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya, don haka wannan tashin wani ɓangare ne na darasin.

Bayan an tashi daga zaman taro, ka sauke allon zuwa tsayin yara ka bar shi a kusurwar aji tare da siffofin, a ƙyale biyu ko uku su yi wasa da shi a lokaci guda. Ka tsaya nesa kaɗan ka saurara. A nan za ka ji wanda ke ƙirga tsattsewa yana tsallake huɗu, da wadda ta mayar da beyar da zomo maƙwabta tana ba su magana, kuma daga abin da ka ji za ka san wace waƙa ce ke bukatar ƙarin mako. Siffofin kowace waƙa ka ajiye su a shimfiɗe cikin ambulan ɗinsu, ka rubuta baitocin da adadin siffofin a bayansa, domin ulun da ya lanƙwashe ba ya kwanciya a allo, kuma waƙar tsattsewa biyar ba ta yiwuwa da huɗu.